Tuwon Dawa Ba Abincin Marasa Lafiya Ba Ne

A yawancin gidajen masu hali a biranenmu yanzu, idan ka ga an tuƙa tuwon dawa ko an dafa acha da rana tsaka, ba sai ka tambaya ba, akwai mai ciwon suga a gidan. Tukunya biyu ake ɗorawa. Babbar, ta shinkafa ko taliya, ta mutanen gida ce. Ƙaramar kuma ta Alhaji ce, wanda likita ya kafa wa doka. Shi ma ba da son ransa yake ci ba, yana kai loma yana leƙen farantin yara. Abincin da kakanninmu suka ci suka yi noma da garma, suka yi fataucin goro a ƙasa har Gwanja, shi ne yau ya koma magani, ana ci ana yamutsa fuska.

Ni a ganina nan matsalar take. Ana yawan cewa rashin sani ne ya sa muke cin abin da ke cutar da mu, wasu kuma su ce talauci ne. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma akwai abin da ya fi su ƙarfi, wato mun tuɓe wa abincinmu rawani, mun naɗa wa wanda ya fi shi illa. Gero da dawa da wake da ganye sun zama alamar ƙauyanci da babu, farar shinkafa da burodi da lemon kwalba sun zama alamar an samu. Muddin haka abin yake a zukatanmu, likitoci za su yi ta bayani a rediyo, mu kuma mu yi ta cewa Allah Ya kyauta, tukunya kuwa ba za ta sauya ba.

Ka duba yadda muke karɓar baƙo. Ka kawo masa dambun zogale da kunun tsamiya, yana fita zai ce ka raina shi. Ka ajiye masa shinkafa tana ninƙaya a mai da lemo mai sanyi, ka fita kunyarsa. Sau nawa ka ji mace ta dawo daga barka ko gaisuwa tana cewa, "Ko lemo ba su ba ni ba"? Ba ƙishirwa take ji ba, darajarta take aunawa. Haka kayan azumin da masu kuɗi da 'yan siyasa ke rabawa: wanda aka ba buhun shinkafa da katan ɗin taliya da suga shi ne na gaban goshi, wanda aka auna wa gero kuwa ya san matsayinsa.

Haka muke yi wa jikin ma. Mutum ya ajiye tumbi, sai a ce hutu ya karɓe shi, Alhaji ya zama Alhaji. Ya rage ƙiba da gangan don lafiyarsa, duk wanda ya gamu da shi sai ya rage murya ya ce, "Lafiya kuwa? Na ga ka faɗa." Amarya ta yi wata uku ba ta yi ɓul-ɓul ba, dangi su fara zargin miji ba ya ciyar da ita. Wannan ne ya buɗe wa ƙwayoyin sha-ka-fashe kasuwa a tsakanin 'yan mata, alhali wasu daga cikinsu magunguna ne masu ƙarfi da ke tara ruwa a jiki, su tayar da suga da hawan jini. Ƙibar da ake gani kumburi ne.

Abin dariyar shi ne, idan ka karanta shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan abinci, ba za ka ga wani abu da sai an hau jirgi an kawo mana ba. Cewa take a ci hatsin da ba a cire masa dusa ba, a ci dangin wake, a ci ganye da 'ya'yan itace kamar giram 400 a yini, a rage gishiri da suga da mai. To wannan ai kasuwar Dawanau ce da 'Yankaba a Kano. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma ƙasashen biyu suna cikin manyan masu noman gero. Muna da kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, rama, yakuwa, tafasa, zogale, alayyahu, kabewa, yalo. Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli da 'yar albasa da tumatir, wanda yaran yanzu ke ɗauke kai idan an miƙo musu, ya cika kusan duk sharuɗɗan da ake nema. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Mu da muke kwana muna tashi a cikin geron, shekarar ta zo ta wuce kamar ba a yi ba.

Je ka teburin mai shayi da safe ka tsaya ka kalla. Matashi ya zauna a benci ya ce, "Malam, haɗa min mai kauri." Mai shayi ya ɗauko kofin roba babba, ya zuba madara, ya zuba garin koko na gwangwani wanda shi kansa da sugansa a ciki, sannan ya nutsa cokali a robar suga. Ba ya ƙirgawa, kai ma ba ka ƙirgawa. Ya sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta taso. Ga rabin burodi an tsaga an lafta masa bota, ga Indomie leda biyu a kasko da ƙwai, an juye duk garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, an ƙara magi a kai. Wannan matashin zai tashi ya hau adaidaita ya je ya zauna a shago har la'asar, da rana kuma ya ci garau-garau ya kora da lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a rabin haka ya fi. Lemon kwalba irin wanda aka saba yana ɗauke da wajen giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yinin gaba ɗaya, ba a sa shayin safe a lissafi ba. Ban ga laifin mai shayi ba, abin da aka nema yake bayarwa. Idan ya rage suga, gobe benci zai koma na maƙwabcinsa.

Amma duk da surutun da ake yi a kan suga, ni gishiri ya fi ba ni tsoro, domin shi ba a ganinsa. Ƙa'idar ita ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin burodi da taliyar leda da yaji da kilishi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Yanzu ka leƙa madafa ka ga yadda ake haɗa miya: a ɓare magi biyar ko shida, a kawo farin magi, a kawo wani garin ɗanɗano na leda, sannan a ɗebo gishirin kansa a watsa. In ɗanwake ne ko miyar kuɓewa, ga kanwa, ita ma sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. A da, daddawar kalwa ce ke ɗaukar nauyin miya, a wasu wuraren daddawar batso, da albasa da citta da masoro da ɗan busasshen kifi. Yau amarya na jin kunyar a ji warin daddawa a ɗakinta.

Gishiri idan ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya riƙa bugun jijiyoyi da ƙarfi, shekara da shekaru, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Binciken da aka yi a Najeriya na nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Sai wata safiya a ji mutum ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Nan take a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, a fara neman mai ruƙiyya da hayaƙi. Addu'a ba ta da madadi, amma da an ɗaura masa na'urar awon jini shekara biyar da suka wuce, da an ga abin tun yana tafe. Ciwon suga ma haka yake sanɗa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu ciwon ba a gano su ba. Su biyun nan, hawan jini da suga, su ne kan gaba wajen kai mutane layin wankin ƙoda, inda ake sayar da gona da fili a biya kuɗin mako-mako.

Abin da ya kamata uwargida ta sani shi ne harshe yana sabo. In aka rage magi da gishiri kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni mutanen gida za su daina jin lami, har miyar da suka saba da ita a da ta koma yi musu zartsi. Sai dai maigidan da ke ture kwano ya ce miya ba ta ji magi ba, shi ne zai fara haƙuri.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mutane na fama da abin da za su sa a baki, kai kana zancen zaɓi. Gaskiya ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Tun kafin nan ma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wanda ke cikin wannan hali ba ya buƙatar a yi masa wa'azin rage ci. Amma ko a nan ɗin ma, raina abincin gida yana yi mana ɓarna. Za ka ga manomi ya kai wakensa da gyaɗarsa da ƙwan zabinsa kasuwa, ya sayo taliya da farar shinkafa ya kawo gida yana jin ya yi bajinta. Uwa ta ba yaro kuɗin biskit da alawa ya tafi makaranta, alhali kuɗin zai sayi ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa. Kunun da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata don farfaɗo da yaran da suka rame, ba wani abu ba ne illa gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa. Tsumburewar yaro da tumbin babansa sau da yawa gida ɗaya suke kwana.

Akwai kuma wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda maza ba su cika kawowa ba saboda ba su ne a bakin murhu ba. Tuwon dawa aiki ne. A surfa, a bakace, a wanke, a shanya, a kai inji a bi layi in akwai wuta, a dawo a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa, a kwashe. Fura ta fi haka wahala. Wake kuma ya daɗe a wuta yana cin gawayi ko gas. Taliyar leda kuwa minti biyar ta nuna. Matar da ke koyarwa a makaranta ko take da yara shida ba mai taya ta, idan ta zaɓi taliya ba lalaci ba ne, lissafi ta yi. Duk namijin da zai zauna a kan tabarma yana yabon tuwon kakarsa, ya tuna kakar tasa da asuba take tashi daka, kuma akwai kishiyoyi da 'yan mata cike da gida suna kama mata.

Shinkafa da alkama sun ci kasuwa ne domin an sauƙaƙa su, an zuba musu kuɗi. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Kebbi, kuma shinkafa ce 'yar lelensa. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafa na cikin manyan dalilai. A Janairun 2022 har dalar shinkafa aka gina a Abuja. Injinan gyaran shinkafa suka cika Kano da Kebbi da Jigawa. Alkamar da ake yin burodi da taliya kuwa, mafi yawanta da dala ake sayo ta daga waje. Ban ce kada a noma shinkafa ba. Tambayata ita ce, ina kwatankwacin wannan hidima ga gero da dawa da acha? Ilimin yana nan: cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irin dawa, ta Tafkin Chadi a Maiduguri tana aiki a kan gero, a Nijar kuma an fitar da irin geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a 2018, wanda ke taimakawa wajen ƙarancin jini. Abin da ya yi ƙaranci shi ne garin dawa da na gero mai tsabta, marar tsakuwa, a leda, a farashin talaka, a kowane kanti, yadda mace za ta buɗe ta tuƙa kamar yadda take yi da semo. Mata masu ƙananan sana'o'i sun fara, ana ganin garin kunu da busasshiyar fura a leda, amma da jarinsu kaɗai ba za su yi gogayya da manyan kamfanonin fulawa ba. Manyan masu sayen dawarmu a yau sun haɗa da kamfanonin lemon malt. Mu sayar musu da ita a buhu, su jiƙa ta da suga su dawo mana da ita a kwalba, mu saya mu ba mai jego wai ƙarin jini.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka ce na gargajiya ne shi ke nan lafiya. Hatsin da aka surfe tas aka cire dusar, aka niƙa ya yi laushi kamar hoda, ya rasa da yawa daga amfaninsa. Malmala uku ta tuwon dawa za ta tayar da suga kamar yadda shinkafa za ta yi. Masu ciwon suga da yawa sun ɗauka tuwon alkama halal ne a ci iya ci, wasu kuma sun bar suga sun koma zuma da dabino suna sha ba ƙaƙƙautawa, alhali jini bai san bambancin ba sosai. Zoɓo da kunun aya da fura abin sha ne masu kyau, amma yadda ake sayar da su a roba yanzu, an ɗura musu suga har sun kamo lemon kwalba. Awara da ƙosai daga wake suke, sai dai man da aka yi kwanaki ana soya su a ciki har ya yi baƙi ba alheri ba ne ga zuciya. Waken kansa sai an kula, domin wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari mai guba don kada ya yi ƙwaro, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Sannan ga kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan, amma ba mai musun cewa loda wa macen da ta haihu kanwa, musamman mai hawan jini, kasada ce. In Inna ta kawo kunun, a karɓa da ladabi, a roƙe ta ta sassauta hannu.

Ma'aunin ci kuwa ba mu da uzuri a kansa, domin yaran Islamiyya ma sun haddace shi: hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Muna karanta shi a watan Sha'aban, ranar ɗaya ga Ramadan kuma mu jera soye-soye kala bakwai a kan tabarma, mu ci har tarawihi ta gagara.

Zancen motsa jiki gajere ne. Minti 150 a mako ake nema, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar. Tun zamanin acaɓa muka saba a ɗauke mu daga ƙofar gida, da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita ta gaje shi, har ta kai mutum na tsayawa jiran abin hawa minti goma don tafiyar da ƙafa za ta yi a minti bakwai. Mai mota kuwa da ita yake zuwa masallacin unguwa. Mata abin ya fi shafa. Ba daka, ba jan ruwa, gidan haya ɗaki biyu ne da tsakar gida kamar tafin hannu, in kuma Hajiya ta sa hijabi ta fito taka ƙafa da safe, idon unguwa ya ishe ta. Titunan namu ma ba a bar wa mai tafiya a ƙasa wuri ba, inda aka bari kuma 'yan tireda sun kafa tebur.

Gwamnati ta taɓa abin, amma da ɗan yatsa. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa suga. Naira biyar ke nan a robar rabin lita, kuɗin da yau ko alawa ba zai saya ba, don haka ba wanda ya fasa sha. A Birtaniya da suka fara nasu harajin a 2018, hawa-hawa suka yi shi, gwargwadon yawan sugan da ke cikin lemon. Kamfanoni da yawa suka rage sugan da kansu tun kafin dokar ta fara aiki, don su kauce wa biya. Irin wannan nake so a yi a nan, a kuma tilasta rubuta yawan gishiri da suga ɓaro-ɓaro a gaban leda da kwalba, da Hausa ma, ba a ɓoye a baya da ƙananan haruffan Turanci ba. Abin da aka tara kuma kada ya narke a baitulmali. A sayi na'urar awon jini da ta awon suga a ajiye a kowane ƙaramin asibiti na mazaɓa, a samar da ƙwayoyin hawan jini masu sauƙin kuɗi, a kuma sa ma'aikacin lafiya ya kafa tebur a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwa ranar da take ci, duk wanda ya haura shekara 40 ya miƙa hannu a auna shi kafin ya wuce.